Gidan Miji, Gidan Ɗa, Gidan Uba: Wanne Za Ku Fara Karantawa?

Ana saura mako biyu a yi dogon hutu autarmu ta kira ni bayan sallar isha'i. Malamar makaranta ce a wani ƙaramin gari a kudancin jihar Katsina, irin garin da kowa ya san motar kowa. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, mun haɗa kai mu 11, za mu riƙa zama duk Asabar da la'asar muna karanta littafi ɗaya tare. Ke za ki zaɓar mana."

Na ce, "Auta, ku 11 ɗin su wa da wa?"

Ta lissafo mini: malamai mata 6 har da ita, ma'aikaciyar jinya ɗaya, 'yan mata 2 da suka gama sakandare bana, sai Hajiya uwar mijinta da wata aminiyar Hajiyar. Dattijan nan biyu sun yi ajin yaƙi da jahilci, suna karanta Hausar boko tiryan-tiryan, amma Turanci sai dai su gaishe shi daga nesa. Sharaɗinsu guda ne. Labarin gida suke so, na miji da mata da 'ya'ya da maƙwabta, wanda in ana karantawa wata za ta gyara zama ta ce wannan ai gidan wance ne. Ba sa son na aljanu, ba sa son na 'yan fashi.

Da na ajiye waya na tsaya gaban kantar littattafaina, guda uku hannuna ya kai kansu. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Sai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, na 2015. Na sake karanta su a jere cikin kwana 10, sai na lura da wani abu da ban taɓa kula da shi ba lokacin da nake karanta su a warwatse. Kowanne labarin mace ne a cikin gidan da ake kira da sunan wani namiji. Rabi tana gidan miji. Hajiya Binta tana gidan da ɗanta ya zaunar da ita. Li kuwa gidan ubanta ne yake ta janyo ta tana kuɓucewa. Duk wanda ya tambaye ni wanne zai karanta, tambayar da zan fara yi masa ita ce wanne gida yake da ƙarfin zuciyar shiga, kuma da wa zai shiga.

Kafin in ci gaba, wanda ba ya son a gaya masa ƙarshen labari ya yi haƙuri. Biyu daga cikinsu dole in taɓa ƙarshensu, don a nan ne bambancinsu ya fi fitowa. Na ukun zan rufa masa asiri.

Bari in fara da na Hajiya Balaraba, tunda shi ne aka rubuta da harshenmu. Rabi ta shekara sama da 20 a gidan Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kano, ta haifa masa 'ya'ya 9. Mutumin yana da hali, amma abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, sai Rabi ta yi ta cikawa da 'yan dabarunta. Kuɗin da ya hana gida can yake kashe su a waje, har ya auro Delu, wadda kowa a unguwa ya san zaman kanta take yi kafin auren. Zama bai yi nisa ba rigima ta tashi tsakanin uwargida da amarya, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta duka. Daga nan labarin ya rabu biyu. Ga Rabi ta kama sana'ar abincin sayarwa tana ciyar da yara tana biyan kuɗin makaranta, ga kuma babbar 'yarta Saudatu da Allah ya haɗa da wani attajiri mai mutunci, Alhaji Abubakar. Can gefe kuma alhaki yana bin ubangidansa a hankali, kamar yadda sunan littafin ya yi alkawari: gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta nuna masa halinta, ya wayi gari ba dukiya ba mata.

In aka ba da labarin a taƙaice haka sai ya yi kama da ɗaruruwan littattafan da aka sayar a Kano a shekarun nan. Abin da ya raba shi da su lissafi ne. Marubuciyar ta san kuɗin komai. Ta san abin da ake nufi da a ba mace cefanen da bai isa ba a ce ta yi miya, ta san yadda kayan ɗakin 'ya suke hana uwa barci tun yarinyar ba ta yi tsayin da za a kula ta ba, ta san yadda dangi suke taruwa a yi ta ƙulle-ƙullen gara don kada a ji kunyar surukai. Akwai shafukan da kusan jerin kaya ne kawai, na lefe da na ɗaki, wanda wani mai nazari zai ce sun yi yawa. Ni ban ga yawansu ba. Duk macen da ta taɓa aurar da 'ya ba da ƙarfin miji ba ta san jerin nan shi ne labarin. Ba mamaki ta iya wannan. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren ya mutu, ta koma ajin manya ta koyi karatu da rubutu, duk da cewa yayanta shi ne Janar Murtala Ramat Muhammad da ya shugabanci ƙasar nan har aka kashe shi a 1976. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma tana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino. A lokacin wasu malaman jami'a sun raina irin rubutun, suka laƙaba masa adabin kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu. Sai ga shi a 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar littafin nan da Turanci, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Yana da nasa rauni, kada in yi masa kara. Mutanen cikinsa kusan kowa an riga an yanke masa hukunci tun shafin farko. Delu muguwa ce daga sama har ƙasa, ba a taɓa tsayawa an tambayi abin da ya fitar da ita daga gidan iyayenta ko gidan mijinta na farko ba. Saudatu kuwa ta cika kyau da ladabi har ta gundure ni, kuma mafitar da aka ba ta ita ce mafitar da ake ba kowace yarinyar kirki a littattafan zamanin, wato mai kuɗi ya gan ta ya so ta. Gobarar ma wani zai ce marubuciya ce ta kunna ta da hannunta don ta hukunta Alhaji. Sai dai wanda ya zauna a Kano ya san gobarar kasuwa ba ƙirƙira ba ce. Ta Sabon Gari ta 2016 kaɗai ta mayar da masu shaguna da yawa abin tausayi cikin dare ɗaya.

Ƙarshensa ne ya sa har yau nake komawa gare shi. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da 'ya a gidan daraja, sai ga Alhaji Abdu ya dawo hannu rabbana. Mazan dangi suka taru a kanta, a yi haƙuri, a duba yara, uban 'ya'yanki ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ƙi, ta yi kuka, ta faɗi duk abin da ke ranta, amma a ƙarshe aka yi kome. Lokacin da na fara karanta shi ina budurwa haushi ya sa na yi jifa da littafin. Yanzu da na ga irin wannan zama da idona fiye da sau ɗaya, na gane marubuciyar ba daɗi take son ta ba ni ba. Ta rubuta abin da ake yi ne, ta bar mai karatu da ɗacinsa a baki. Kuma in aka lura, Rabin da aka mayar ba ita ce wadda aka kora ba, domin yanzu tukunyar tata ce.

Na Abubakar Adam Ibrahim wata duniya ce daban, ko da yake unguwar tamu ce. Sunan yana nufin wani abu kamar lokacin jajayen furanni. Hajiya Binta Zubairu tana da shekara 55, mijinta ya rasu a rikicin Jos, ɗanta Munkaila mai hali ya ɗauke ta ya zaunar da ita a Mararaba, garin nan na jihar Nasarawa da ke bakin Abuja a kan hanyar Keffi. Wanda ya san Mararaba ya san ba birni ba ce ba kuma ƙauye ba. Gari ne na mutanen da Abuja ke ci da guminsu da rana ta tofar da su da daddare, da waɗanda rikici ya koro daga wani wuri suka zo suka kafa sabon zama. Tana zaune da jikarta Ummi da Fa'iza, 'yar 'yar'uwarta, yarinyar da aka kashe nata a gabanta a Jos har abin ya taɓa mata hankali. Rayuwar Hajiya Binta ita ce ta kowace dattijuwar kirki: Islamiyya, carbi, jikoki, da wani Malam Haruna mai yawo da rediyo da ke zuwa zawarci. Rannan ta tashi tana jin warin kyankyasai, abin da ta saba ɗauka alamar wani mugun abu na tafe, sai ga wani saurayi ya tsallako katanga ya yi mata sata. Sunansa Reza, ɗan shekara 20 da 'yan kai, dillalin wiwi, shugaban 'yan daba a wata matattara da suke kira San Siro, kuma yaron wani sanata da ke amfani da su a bangar siyasa. Bayan kwanaki ya dawo mata da kayanta yana ba da haƙuri. Abin da ya biyo baya tsakaninsu shi ne abin da ba a faɗa a gaban surukai.

Da labarin iya nan ya tsaya, da ban saka shi cikin ukun nan ba. Abin da ya kama ni wani wuri ne da marubucin ya sa yatsa a kai wanda mu Hausawa muka saba wucewa. Hajiya Binta tana da ɗan fari da ya rasu. Sunansa Murtala, amma ba ta taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar ɗan fari. Yaro take ce masa. Ba ta rungume shi a gaban mutane ba, ba ta nuna masa so ba, kamar yadda uwarta ita ma ba ta nuna mata ba. Yaron ya taso ya faɗa shaye-shaye, 'yan sanda suka harbe shi, ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Reza kuma uwarsa ta watsar da shi tun yana ƙarami ta tafi Saudiyya. To ka ga ita tana ganin ɗanta a fuskarsa, shi yana ganin uwarsa a tata, ga kuma sha'awa ta shiga tsakani ta dagula komai. Ni 'yar fari ce. Innarmu har ta koma ga Allah "ke" take ce mini, ko "wannan yarinyar", ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, al'ada ce, kowa haka aka yi masa. Sai da na kai wannan wuri a littafin na rufe shi na yi shiru na daɗe.

Ta fuskar gwaninta, a cikin ukun babu kamarsa. Mutanensa suna da ciki da waje. Reza mugu ne kuma abin tausayi, Malam Haruna abin dariya ne har ranar da kishi ya mayar da shi mai kai gulma, matan Islamiyya da ke yi wa Hajiya kallon hadarin kaji kowace ka san irinta. Kowane babi da karin magana yake buɗewa. Marubucin haifaffen Jos ne kuma ɗan jarida, ya san yadda ɗan siyasa ke magana da yaransa in ya shigo da su falo da yadda yake yi in ya gama da su. Ba banza ba littafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG a 2016, mai dala 100,000. Wani abin da ya ba ni dariya, Fa'iza a cikin labarin ba ta da aiki sai karatun littattafan soyayya na Hausa da mafarkin Ali Nuhu. Wato jikokin littafin Hajiya Balaraba suna nan a ƙarƙashin matashin kai a cikin wannan na Turancin.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Da Turanci aka rubuta shi, Turanci mai kyau wanda Bahaushe zai riƙa jin Hausa tana motsi a ƙarƙashinsa, amma dai Turanci. Ya haura shafi 300. Kuma akwai wuraren da aka shiga ɗaki aka rufe ƙofa, marubucin bai tsaya a waje ba. Na kwatanta autarmu zaune a tsakar gida, littafi a hannu, tana fassara wa uwar mijinta yadda wata Hajiya mai shekara 55 ta buɗe wa ɗan daba ƙofa. Ko a mafarki ba zai yiwu ba. Ba laifin littafin ba ne. Akwai karatun da ake yi a taro, akwai wanda mutum ke yi shi kaɗai bayan yara sun yi barci, in ya gama ya kira aminiyarsa guda ɗaya su tattauna a waya.

The Stillborn shi ne dattijo a cikinsu, shi ne kuma mafi ƙanƙanta, bai kai shafi 150 ba, ana iya gama shi a yini biyu. Zaynab Alkali 'yar kudancin Borno ce, daga yankin Biu, kuma littafin yana cikin na farko-farko da wata mace daga Arewa ta rubuta da Turanci har ya yi suna. Ya ci kyautar ƙungiyar marubuta ta ƙasa a 1985, an kuma daɗe ana karanta shi a makarantu. A nan ne ake samun ƙauye na sosai. Labarin ya buɗe da Li, 'yar shekara 13, a bayan babbar mota tana dawowa gida bayan ta gama firamare. Gidan ubanta gida ne na doka, Baba mai tsanani ne, ba fita ba rawa, har takan ji kamar a kurkuku take. Da dare ta fasa shinge ta tafi dandali, yayanta Sule ya rufa mata asiri. A can ta ga Habu Adams, saurayi mai fatan zama likita, ita kuma tana fatan zama malama su tafi birni su zauna a babban gida irin na Turawa.

Mata uku littafin ke bi. Li ta auri Habu, ya tafi birni ya bar ta a ƙauye shekara 4 tana jira, da ta bi shi ta tarar ba likita ba ne, ɗan tallan kayan kamfani ne, kuma zuciyarsa tana wani wuri. Ƙawarta Faku ta auri Garba ta bi shi birni da murna, ta tarar da uwargida da 'ya'ya jingim. Yayarta Awa ta zauna a ƙauye ta auri shugaban makaranta, giya ta cinye shi, ta ƙare da goyo da ɗawainiyar kowa. Sunan littafin yana nufin abin da aka haifa babu rai, kuma burin 'yan matan nan ake nufi. Li ce ta koma makaranta, ta yi kwalejin horon malamai, ta dawo ta zama ita ke riƙe da gidan uban da ta taɓa fasa wa shinge, har Awa ta ce mata ita ce namijin gidan.

Sai kuma ƙarshe. Habu ya yi hatsari ya nakasa, Li da kanta, ba wanda ya tara mata dangi, ta ce za ta koma wurinsa. A nan ne na ajiye shi kusa da na Hajiya Balaraba na yi ta kallonsu. Mata biyu, kowace miji ya wulaƙanta ta, kowace ta gina kanta ba da shi ba, kowace ta koma lokacin da ya karye. Rabi tura ta aka yi tana turjewa. Li ita ta ɗauki jakarta. A takarda na Li ya fi daraja, tunda zaɓinta ne. Amma ni na fi yarda da na Rabi. Na san Rabi, na ci abincinta, na ga ranar da aka taru a zauren gidansu. Komawar Li kuwa ta zo mini da sauri, a 'yan shafukan ƙarshe, bayan wani mafarki, kamar marubuciyar ta duba agogo ta ga lokaci ya ƙure. Wata ƙawata malamar adabi ta ce ban fahimce shi ba ne, wai Li ta koma ne a matsayin mai ƙarfi ba mai nema ba. Mun yi musu har shayinmu ya huce, ba wadda ta ja da baya.

Wani abin da ya kamata mai zaɓe ya sani, ƙauyen Li ba ƙauyen Hausawa ba ne. Akwai asibitin mishan da unguwar Turawa a kan tudu, akwai kakan da bai saki addinin gargajiya ba, akwai giyar gida da rawar dandali. Ga wanda ya taso a Kano ko Katsina wannan taga ce zuwa wata Arewar da ba mu cika leƙawa ba, kuma 'yan matan nan biyu da suka gama sakandare sun fi kowa buƙatar leƙa ta. Turancinsa mai sauƙi ne, ba abin da zai sa a sunkuyar da kai. In da taron na ɗalibai ne zalla, ko na malamai da ɗalibansu, da ban yi dogon tunani ba, shi zan ce. Yarinyar da ke ganin aure a birni shi ne ƙarshen wahala ta karanta labarin Faku tukuna.

Na san wata za ta ce, duk wannan tone-tonen tsofaffin littattafai na mene ne, alhali ga sababbi nan ana sakawa kullum a WhatsApp da Wattpad, wasu ma ana karanta su da murya a YouTube? Ina karanta su, wasu har kuɗin shiga rukuni na biya don in ga ƙarshensu, kuma akwai masu alƙalami a cikin yaran nan, ba wasa ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna haka. Matsalata da yawancinsu ga irin wannan zama biyu ce. Tsawonsu ba shi da iyaka, sai a yi shafi 80 ba a ɗaura auren ba. Sannan gidajen ciki ba irin namu ba ne. Falo uku, mai gadi, saurayi miskili mai kamfani a Dubai. Mata 11 da ke zaune a garin da ake ɗauke wuta kwana uku suna iya jin daɗinsa, amma ba wadda za ta ce wannan gidan wance ne.

Batun samu ma abin dubawa ne. Na Abubakar Adam ya fi sauƙin samu sabo, shagunan littattafai na Abuja da Kaduna da Legas suna kawo shi, bugun Cassava Republic, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne in za a sayi 11. The Stillborn ana tsintarsa wurin masu sayar da littattafan makaranta da na hannu. Na Hajiya Balaraba na Hausar shi ne mai wahala, sai an sa wani ya bi masu tsofaffin littattafan Hausa a Kano, ko a tambayi iyaye mata, don sau da yawa yana nan a ƙasan akwatin wata, bango ya yage. Abin haushi ne a ce fassarar Turancin da aka buga a Indiya ta fi asalin sauƙin samu ga mai waya da katin banki. In dai da hali a nemi na Hausar. Fassarar ba ta da laifi, amma zagin da Rabi da Delu suka yi wa juna a tsakar gida, da habaicin dangin miji, da yadda ake cewa "Allah ya ba ki haƙuri" a nufi "rufe mana baki", waɗannan a Hausa suke da gishirinsu. Kuma kwafi ɗaya ya isa, tunda da baki za a karanta, kamar yadda ake karanta littattafan nan a gidajen rediyo mata na aiki suna saurare.

Don haka da na kira autar na ce mata, "Ku fara da Alhaki. Hajiya za ta iya karɓar littafin da hannunta ta karanta muku shafi biyu, wannan kaɗai ya isa dalili. In kun gama, ku ba 'yan matan nan The Stillborn su karanta su zo su ba ku labarinsa da Hausa, ku gwada komen Li da na Rabi ku ga wadda za ku bi. Na Mararaba kuwa zan aiko miki da nawa, ki karanta ke kaɗai, in kin gama ki ba ma'aikaciyar jinyar nan, kada ya kwana a falo."

Ta ce, "Yaya, har ya kai haka?"

Na ce, "Ki dai karanta. Ke auta ce, Inna ta kira sunanki har ta gaji. Akwai abin da zan tambaye ki in kin kai tsakiya."

Kwafin da na samo musu na wata gwaggonmu ne, shafukan farko sun yi ja saboda tsufa, wani yaro ya yi zanen mota a bangon baya. Na sa a mota ranar Laraba. Asabar da daddare ta kira ni, murya a dishe. Wai ba su wuce shafi 12 ba. Suna kaiwa inda Alhaji Abdu ya ajiye kuɗin cefane, aminiyar Hajiya ta ɗaga hannu ta ce a dakata, ta faɗi nawa nata mijin yake ajiyewa a shekarar da aka yi canjin kuɗi, da abin da take yi da su har a ci sau uku. Wata malama ta ce ai na yanzu sun fi na da rowa, Hajiya ta ce ƙarya ne, ku ne ba ku iya riƙo ba, nan fa aka kaure. Sai kiran magariba ne ya raba su, kuma Hajiya ta tafi da littafin ɗakinta, ta ce ba ta yarda a bar shi hannun yara ba kafin wata Asabar.